Tagogin Femke

Shekara goma sha ɗaya Femke Hoekstra tana kula da rumbun bayanan wani kamfanin furanni a gefen garin Aalsmeer na ƙasar Holan, sannan aka ɗora mata Sjoerd a matsayin shugaba. Ya zo da takalmi mai sheƙi da takardun shaida uku, amma da za a ajiye masa kan furen tulif da albasa, sai ya tambayi wanne ake soyawa.

Bayanan kamfanin a jadawaloli suke cikin kwamfuta, masu yawa, a sarƙe da juna. Direba ba ya buƙatar duka, don haka Femke ta buɗe wa kowane sashe abin da suke kira taga. Taga ba ta ajiye komai. In ka leƙa, sai ta ɗebo maka abin da ya shafe ka kaɗai daga jadawalolin. Direbobi na da tasu, masu ɗaure kaya na da tasu.

Ranar Juma'a Sjoerd ya kira ta, yana nuna allon kwamfutarsa da biro.

"Waɗannan arba'in ɗin fa? Na duba, fanko ne, ba komai a ciki."

"Tagogi ne, Sjoerd. Ka taɓa ganin an adana kaya a cikin taga?"

"Abin da ba ya riƙe komai ai tarkace ne. Ku tsofaffin ma'aikata kun cika son tara shirgi."

Ta yi masa bayani sau biyu, yana duba agogo. Ya ce ta goge su. Da ta ƙi, ya goge da hannunsa, ya tafi wasan kwale-kwale.

Safiyar Litinin motoci goma sha takwas suka yi layi a bakin sito, ba direban da ya san inda zai nufa. Furannin da ake jira a Hamburg ta ƙasar Jamus suna zaune cikin bokitai. Tsoho Wiebe, babban direba, ya hau sama ofishin Sjoerd da hularsa a hannu.

"Ranka ya daɗe, mai digiri uku, Jamus za mu ko gida za mu koma?"

Sjoerd ya yi ta danne-danne, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Daga ƙarshe ya taka zuwa teburin Femke, ya rage murya.

"Za a iya dawo da su?"

"Tarkacen?"

Ashe tun ranar Juma'ar Femke ta kwafe yadda aka gina kowace taga, ta adana. Ta ƙarasa burodinta da cuku, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya ga kwamfutar. Minti huɗu aikin ya ɗauka. Motoci suka fara fita.

Da rana Sjoerd ya aika wa kowa saƙo cewa kamfani ya tsallake babbar matsala saboda saurin ɗaukar matakin shugabanni. Femke ta karanta, ta taɓe baki. Kafin ta tashi aiki ta cire masa ikon goge komai a rumbun, ta bar masa na kallo kawai. Wata bakwai ya ƙara yi a kamfanin, bai taɓa lura ba.