Littafin da Ya Ƙi Kwanciya

Wa ya fara cin amana, ƙanen da ya ɗauke rubutun a ɓoye, ko yayan da ya riƙe shi shekara uku yana cewa bai gama ba? Har yau ban sami amsa ba.

Su biyu suka ƙirƙiro wani wasan kati, na fatake masu ƙetare kogi, a kan teburin shagon yayan, inda yake ɗinkin littattafai. Ƙanen ya rubuta dokoki. Yayan ya ɗauki alkawarin haɗa littafin dokokin: ɗinkin zare, manyan haruffa, fili a gefen shafi, don mai riƙe da kati ya buɗe shi, littafin ya kwanta da kansa.

"Yaya, a sa waya mai murɗi mana, a huta."

"Waya? Sai ka ce littafin rasit. Kuma sai an yanke bayan littafi kafin a sa ta. Ni ban taɓa sa wa bayan littafi wuƙa ba, ba kuwa zan fara ba."

Wata ranar Talata yayan ya buɗe aljihun teburin, ya tarar babu takardun. Bayan wata biyu sai ga littafin a kasuwa, an manne shi da gam, bango na sheƙi, sunan ƙanen kaɗai a kai. Yayan ya koma kan ɗinkinsa. Ciwon 'yan'uwa ba a kai shi gaban likita.

Ƙanen ne ya zo da kansa, rungume da kwalin littattafan.

"Rufewa yake, Yaya. Sai an danne shi da kofi. Dokar ƙetare kogi ta faɗa cikin tsagin tsakiya, rabinta ba ya karantuwa. Jiya mutum biyu sun kusa dambe a kanta. Mutane sun fara ajiye wasan."

"Ina sunana?"

Ƙanen ya sunkuyar da kai. "Na zaci za ka hana."

"Da na hana."

Yayan ya ɗauki kwafi ɗaya, ya buɗe a tafin hannu. Littafin ya rufe kansa a hankali, kamar mai jin kunya. Ya sake buɗewa, ya ga dokar kogin, wadda suka yi mako guda suna gardama a kanta, ta nutse cikin gam.

Ya daɗe yana kallonta.

"Matsa daga haske," ya ce.

Ya daidaita ƙarfen awo a gadon bayan littafin, ya jawo wuƙa.