Kulolin da Hajiya Muhibba ta raina

Lokacin da Salissou ya zo Riyad daga Damagaram, kamfanin Abu Nawaf rumfa ɗaya ce tak a Birnin Masana'antu na Biyu, da injuna uku masu fitar da bokitan roba. Na tsakiya aka ba shi. Ana nan sai gwamnati ta fara matsa wa masu masana'antu su riƙa kai kayansu ƙasashen waje, tana ba waɗanda suka amsa fili da sauƙin fito. Abu Nawaf ya amsa. Ya sayi masana'antar kwalin da ke jikin tasu, ya zuba tireloli goma, sannan ya fara yin kulolin abinci. Amma kayan nasa ba su wuce ƙasashen maƙwabta ba.

Wata Talata da hantsi aka ce ana kiran Salissou a ofis. Ya cire safar hannu ya tafi, ya ɗauka iƙamarsa, takardar izinin zama, ce ta sami matsala. Sai ya tarar da wata dattijuwa zaune, an jera mata kuloli a gaba. Hajiya Muhibba ce, 'yar kasuwa daga Kano, ta zo baje kolin da gwamnati ta shirya. Ba ta jin Larabci, Turancin Abu Nawaf kuwa tun a gaisuwa ya ƙare.

"Ɗana, kana jin Hausa? Alhamdulillahi," in ji ta. "Gaya masa robar tana da kyau. Amma wannan launin tokar, ko kyauta ba mai ɗauka a wajenmu. Ita kuma wannan 'yar mitsitsiyar, tuwon mutum nawa za ta ci? Mu goma sha huɗu ne a gidana."

Salissou ya fassara duka, bai rage komai ba.

Abu Nawaf ya juyo wajensa. "Kai ma haka kake gani, ya Salissou?"

"Ya mudir, shekara biyu muna yin su, ban taɓa aika wa matata ko ɗaya ba."

Abu Nawaf ya fashe da dariya, ya sa aka kawo shayi da dabino. Har azahar suna zaune. Hajiya ta zaɓi ja da ruwan goro da shuɗi, ta ce a ninka girman, a ƙara wa hannun kauri.

Wata huɗu aka yi ana gyara injin. Kwantena ta farko ta tashi ta Jidda, kafin ta isa Kano, Hajiya ta nemi ƙarin biyu. 'Yan kasuwar Maraɗi suka ji labari, su ma suka aiko.

Abu Nawaf ya buɗe sashen Afirka, ya ba Salissou teburi da kujera mai juyawa. Mako biyu Salissou ya yi a kai, bayansa ya ƙage, ya roƙa a mayar da shi cikin injuna. Aka naɗa shi shugaban sabon layin yin kuloli, mutum ashirin a ƙarƙashinsa, takwas 'yan ƙasarsu. In baƙi sun zo, sai ya wanke hannu ya hau sama ofis ya yi tafinta.

Yanzu ana share filin baya, za a kafa masana'antar filas. Jiya ma Hajiya ta turo masa saƙon murya na minti tara, duk a kan murfin kulolin. Ya saurara yana cin shinkafarsa ta rana, ya gama, ya tafi neman mudir, wato Abu Nawaf.