Ɗan Rakiya

Mutum biyu ne a kan bencin, hannuwa huɗu na rawa.

Ƙaramin shi ake kira Reza. Mai aski ne, ko kuwa a ce ya taɓa zama mai aski, kafin ƙwaya ta cinye masa hannu har ya zabge kunnen wani mutum, mai shago ya karɓe injinsa ya nuna masa hanya. Ya daɗe yana jiran gado a wannan cibiya ta masu son rabuwa da shaye-shaye. Da gadon ya samu, aka gaya masa ba a karɓar mutum shi kaɗai, sai da wani nasa. In bai zo yau da ɗan rakiya ba, akwai na bayansa a layi.

Ya fara da mahaifiyarsa. Ta bayan ƙofa ta amsa masa. "Na raka ubanka iya rakiya, ban ga inda ta kai ni ba. Allah ya ba ka lafiya." Yayarsa ta yi kuka sosai a waya, sannan ta ce mijinta ya hana. Cikin dangi kaf, wanda ba shi da mutuncin da zai zube a ƙofar irin wannan wuri mutum ɗaya ne.

Ga shi nan kusa da shi. Baba, mahaifinsa, tsohon direban babbar mota, wanda giya ta raba da lasisi, da mata, da rabin haƙoransa. Tun jiya bai kurɓi komai ba don ya fito fes, shi ya sa gumi ke tsiyaya cikin rigarsa mai kyau guda ɗaya.

Nas ta fito, ta dubi wannan ta dubi wancan, ta tsayar da ido a kan tsohon.

"Baba, kai ne za a kwantar?"

Wani tunani ya zo wa Reza da siffar biyayya: ai tsohon ya fi shi buƙata. In ya bar masa gadon, zai fita a matsayin ɗa nagari, kafin rana ta yi tsaka yana bayan tasha inda ake sayarwa. Har ya fara jin ɗacin ƙwayar a harshensa.

"Ni?" Baba ya yi dariya, ta koma tari. "'Yata, ni injina ya buga tuntuni. Ga wanda ke da sauran gyara."

Aka shigar da su wani ɗaki mai tebur ɗaya da warin maganin goge ƙasa. Nas ta faɗi doka: duk wanda aka kama da wani abu bayan ya wuce ƙofar ciki, kora ce, kuma babu dawowa. Wani ƙato mai farar riga ya zazzage jakar Reza. Ya lalube aljihuna, ya cire tafin takalmi, ya raba sabulu biyu, ya shinshina man goge baki.

"Ba komai," in ji shi.

Reza ya saki numfashi a hankali.

"Duba kalmasar wandon," in ji Baba. "Ƙafar hagu."

"Baba!"

"Ta ciki. Za ka ji ɗinkin sabo ne."

Ƙaton ya durƙusa, ya ja zare. Ƙwayoyin suka zubo ɗaya bayan ɗaya, suna tsalle a kan siminti.

Wasu iyayen sana'a suke bar wa 'ya'yansu, wasu fili. Reza tun bai kai tsayin tebur ba ya san duk inda ake ɓoye abu a gida: cikin tankin bayan gida, bayan rediyo, cikin rigar filo. Da shi ake shigo da ƙananan kwalaben giya ta gaban uwarsa, don ba wanda ke lalube yaro. Ya san dare zai yi kyau ko za a fasa kwanuka daga yadda mabuɗi ke neman ramin ƙofa.

"Yau ka tuna kai uba ne?" in ji Reza. "Yau? Ka san abin da zan ji in babu su? Kai ka sani! Dubi hannunka!"

Baba ya dubi hannun nasa, ya cusa shi a hammata.

Reza ya juya wajen nas, ya zube a gwiwa. "Sista, don Allah guda ɗaya. Ta yau kaɗai. Wallahi ƙasusuwana za su farfashe. Rabi ma ya isa."

"Abin da aka samu a nan ba laifi ba ne," ta ce, tana tattara su da tsintsiya. "Na ciki ne laifi. Ba mu ɗaure kowa. Ga ƙofar shiga, ga ta fita."

Ya dubi ta fita. Baba na tsaye a bakinta. Ba tare ta ya yi ba. Ƙafafunsa ne suka gaza, ya jingina da ƙyauren. Tsoho ne wanda ko yatsa ya isa ya ture shi. Reza ya daɗe yana kallonsa, yana neman ƙarfin da zai ture shin.

Ya ɗauki jakar, zaren wandon na jan ƙasa, ya bi ƙaton.

Ƙofar ciki mai nauyi ce, a hankali take komawa. Ta sauran tsagar ya ji muryar Baba.

"'Yata, ana zuwa dubiya?"

"Ana zuwa. Amma duk wanda muka ji warin giya a bakinsa, a waje yake tsayawa."

"Ko ɗan kaɗan?"

"Ko ɗan kaɗan, Baba."

Reza ya tsaya cak, ya kasa kunne. Ƙofar ta rufe.