Rabin Alamar Torleif

Ranar Litinin da hantsi Torleif ya ajiye gatari, ya zauna a kan kututturen da yake faskare a kai, ya ce wa matarsa Magnhild ta miƙo masa ruwa. Kafin ta fito da kofin ya riga mu gidan gaskiya. Ko tari bai yi ba. Mutumin da ya shekara saba'in da uku ba ya barin gidan kowa sai ya yi sallama sau uku a bakin ƙofa, shi ne ya tafi babu ko ɗaya.

Duk ƙauyenmu babu wanda abin ya daka kamar Oddvar, in ka cire matar. Shekara arba'in da ɗaya suna fita su a ƙaramin jirgi guda, Oddvar a baya wajen inji, Torleif a gaba da igiyar anga, ƙarfen da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi. Sun yi faɗa a kan siyasa, a kan wanda ya manta da gorar kofi, a kan ko gajimaren yamma na ruwa ne ko na banza. Amma in ka ga ɗaya a bakin gaɓa, to ɗayan yana bayan rumfar jirage yana neman abin da zai yi ƙorafi a kai.

Ran Talata Oddvar ya je gaisuwa. Ya tarar da Magnhild tana goge teburin da babu komai a kansa.

"Oddvar, ran Juma'a in an dawo daga maƙabarta mutane za su ci abinci a zauren coci," in ji ta. "Ba na son burodi da cukun kanti. Romon kifi nake so a yi masa, kuma kifin Rumbu."

"An gama," in ji Oddvar. Bakinsa ya riga hankalinsa.

Sai da ya gangaro rabin hanya ya tsaya cak.

Mu nan ba a kafa wa wurin kifi tuta. Teku duk ɗaya ce a ido. In kana son komawa inda ka samu jiya, abubuwa biyu kake saitawa a tudu, ɗaya a bayan ɗaya, su ba ka layi. Sai ka saita wasu biyun a wani gefen, su ba ka layi na biyu. Inda layukan suka gicciya, nan za ka saki anga. Uba ke gaya wa ɗansa, kuma tambayar mutum alamarsa rashin kunya ce, kamar ka buɗe masa tukunya a gidansa. Rumbu wani tudu ne a ƙarƙashin ruwa, faɗinsa bai wuce harabar coci ba, zurfin ruwa gaba ashirin da biyu a samansa, kewayensa kuwa gaba sittin. A kansa manyan kifayen nan masu gemu ɗaya a haɓa suke taruwa, rani da hunturu. Layi ɗaya na Oddvar ne, gadon mahaifinsa: hasumiyar coci a kan jar rumfar jirage. Ɗayan na gidan su Torleif ne. Tun suna samari suka haɗa, kowa ya riƙe nasa. Oddvar ya bi layinsa, idonsa a kan hasumiya, har sai Torleif ya ce ya isa. Shi ke nan aikin.

Wato dai rabin Rumbu Oddvar ya sani. Kuma shi ne ya shekara arba'in yana bugun ƙirji a kanti cewa ko an ɗaure masa ido zai kai kansa can.

Ran Laraba da sassafe ya fita shi kaɗai. Teku kwance lumui, rana mai daɗi, irin ranar da Torleif zai ce ta yi kyau da yawa, akwai munafunci a ciki. Ya ɗora hasumiya a kan rumfa, ya bi. Da ya ji a jikinsa an zo, ya kashe inji ya saki igiya mai dalma don auna zurfi. Gaba sittin. Ya matsa gaba. Sittin. Ya dawo baya. Hamsin da takwas. Ya duba duwatsun arewa, inda yake zaton Torleif ke kallo: tsauni bayan tsauni, kowanne da tsaga, kowanne kamar ɗan'uwansa.

"To, sarkin rowa, ka ji daɗi," ya ce wa bencin gaba. "Ka tafi da abinka. Sai ka kama kifi da shi a can."

Ya zuba kofi a murfin gora. Da ya ga ya zuba na biyu a kofin ƙarfen da ke rataye a gaba, bai zubar ba, ya shanye duka biyun. Ya tuna ranar da Torleif ya kamo wani ƙaton kifi ya tsaya yi masa wa'azi kafin ya ɗago shi, kifin ya kaɗa wutsiya ya tafi da fatsa. Ya yi dariya shi kaɗai har tsuntsayen teku suka tashi, dariyar ta ƙare da hawaye, bai kuma share ba tunda babu mai gani. Ya yi kewar mutumin nan ƙwarai. Amma ko a lokacin ya san ba a cuce shi ba: shekara arba'in da ɗaya da aboki guda, ba kowa Allah ke ba wa ba.

Ƙananan kifi uku ya dawo da su, waɗanda ko mage sai ta yi shawara. A bakin gaɓa ya tarar da Steinar, maƙwabcinsa mai sabon jirgi da na'urar da ke nuna ƙasan teku.

"Yaya, dattijo, yau Rumbu a kulle yake?" in ji Steinar. "Gobe mu fita a nawa, minti goma na nemo maka shi."

"Ka nemo mini, na'urarka ta haddace, jibi in tarar da surukanka a kai? Na gode, Allah ya bar zumunci."

Ya haura gida yana saƙa da warwara. Kifi dai ba ya zuwa da takardar haihuwa. In ya je bayan tsibiri ya cika bokiti, wa zai ɗanɗana romo ya ce wannan ba na Rumbu ba ne? Babu. To amma shi zai zauna a zauren nan da cokali a hannu, Magnhild tana yi masa godiya a gaban jama'a. A'a, ba zai iya haɗiyewa ba.

Ran Alhamis da safe ya koma gidan, ya tsaya a ƙofar kicin yana juya hula a hannu.

"Magnhild, ƙarya na yi miki. Ban san inda Rumbu yake ba. Rabina na sani, rabin mijinki ya tafi da shi."

Ta dube shi, ta dubi hular. Sai ta fashe da dariya, ta farko tun ran Litinin, har ta dafa murhu.

"Kai Oddvar! Kai da za a ɗaure wa ido?"

"Ki yi ta yi, na cancanta."

"Shekara arba'in ba ka taɓa tambayarsa ba?"

"Ana tambaya ne?"

"Maza ke nan. Zo ka zauna nan."

Ta ja masa kujerar da ke jikin taga. Gidan su Torleif a ɗan lungu yake, bayan hancin dutsen da ya shiga teku, don haka daga tagar ba a ganin ƙauye ko coci, sai ruwa daga bakin dutsen zuwa yamma.

"Kullum daga bayan dutsen can kuke ɓullowa," in ji ta. "Goshin jirgi, sai shi, sai kai da injinka. Da zarar na gan ku gaba ɗaya, sai in ga kun tsaya. Ni ban san wata alama ba, ban kuma taɓa shiga jirginku mai warin nan ba. Abin da na sani ke nan."

Oddvar ya dubi ruwan. In ita tana ganin jirgin daga nan, to na cikin jirgin ma yana ganin tagar.

"Tashi ka tafi," in ji ta. "Ka sa wayarka a aljihun sama, ba cikin bokiti ba."

Ya fita. Ya ɗora hasumiya a kan rumfa, ya rage gudu har injin yana tari. Bai waiwaya ko'ina ba, gudun kada layin ya kuɓuce masa. Can wayar ta yi ƙara.

"Na ga goshin," in ji Magnhild. "A hankali. Na ga benci. Na gan ka. Nan ne."

Ya kashe inji, ya taka zuwa gaba ya saki anga da kansa. Ya saki dalma yana ƙirga gaba da hannuwansa. A ashirin da biyu igiya ta saki. Ya zauna a bencin Torleif, wurin da bai taɓa zama ba, ya ɗaga kai. Duwatsun arewa suna can gefe, ba ruwansu da kowa. Abin da ke gabansa sak, daidai bakin hancin dutse, farin gida ne ƙarami da taga ɗaya, da mace a tsaye a cikinta. Ashe duk shekarun nan da yake zaton mutumin yana karanta tsaunuka, gidansa yake kallo.

"Kana nan?" in ji wayar.

"Ina nan." Ya gyara murya. "Magnhild, yakan ɗago miki hannu?"

"Torleif? A gabanka? Ai da kunya ta kashe shi. Hula yake cirewa ya sosa kai, ni kuma in ɗaga labule."

"Tirƙashi! Ni ko shekara arba'in ina yi masa tsiyar ƙwarƙwata."

Ya ji tana dariya, ya ji kuma dariyar ta sauya, ya bar ta har ta gama. Sannan ya ajiye wayar a benci, ya cire hularsa, ya sosa furfurarsa sosai yadda za a gani daga nesa. Can a bakin dutse labulen ya ɗaga.

Yana nan zaune da hula a hannu igiyar fatsar da ya jefa ta fizge, har sai da ya taka ta da ƙafa.