Ɗigon da Aka Goge

Sai da ya sa kafaɗa ya tura sau uku kafin ƙofar bayan shagon ta yarda ta buɗe. Mai Hoto ya shige da sauri yana waige-waige, alhali shagonsa ne, shekara talatin da ɗaya yana buɗe shi ta ƙofar gaba da rana tsaka. Amma yanzu akwai takardar hukuma manne a ƙofar gaba. Mako bakwai ke nan da aka sa dokar kulle saboda annoba, ba mai buɗe shago sai masu abinci da masu magani. Hoto kuwa, in ji hukuma, ba dole ba ne. To, su suka sani.

Ya tsaya har idonsa ya saba da duhun. Wani siririn haske na shigowa ta tsagar taga yana sauka a kan babban labulen bango, wanda mutane ke tsayawa gabansa a ɗauke su. Teku ne aka zana a jiki, da ɗan kwale-kwale da tsuntsaye uku. Mai zanen bai taɓa ganin teku ba, shi ma Mai Hoto haka, amma rabin mutanen unguwar sun tsaya a bakin tekun nan sun gyara wuyan riga. A cikin gilashin nuni kuwa hotunan da ba a zo karɓa ba ne jere, kowa da bakinsa a buɗe, ba takunkumi. Ya daɗe yana kallonsu. Har ya manta mutane na da haƙora masu yawa haka.

Ba kallo ne ya kawo shi ba. Matarsa, wadda shi da kowa ke kira Malama saboda aji uku na firamare da take koyarwa, yau kwananta goma sha biyu a cibiyar killace masu cutar. Ba a shiga, ba a leƙe. Jiya nas ɗin da ke kula da ɗakinsu ta kira shi ta wayar tebur, ta ce Malama ta daina cin abinci, ta juya fuska bango. 'Yarsu Auta ta haihu kwana huɗu da suka wuce a can ƙarshen gari, jika ta farko, amma da aka gaya wa Malama sai ta ce a yi wa yarinyar addu'a, ita kam ba za ta gan ta ba.

"Baba, magani muna ba ta," in ji nas ɗin, "amma mutum sai ya so ya tashi. Waya ba ta shiga ɗakin nan. Ka kawo hoton jaririyar a takarda, a liƙe shi cikin roba yadda za mu iya goge shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ana karɓar saƙo a bakin ƙofa ran Asabar da Talata kafin sha biyun rana. Ni dai da za ka ji tawa, kada ka jira Talata."

Yau Asabar. Kuma sha biyu ɗin nan ita ce lokacin da ake kore kowa daga titi.

Ya danna makunni, ba wuta. Ya buga bango sau biyu da gwiwar hannu. Can sai ga fuskar Mai Kemis, maƙwabcinsa, a ƙaramar tagar baya, takunkumi ya rufe masa har gindin ido.

"Au, ɓarawo ne ko mai shago?"

"Ɓarawo ne. Miƙo min waya daga janaretanka."

"Ka san in aka kama ka cewa zan yi ban taɓa ganinka ba."

"Shekara ashirin kana cewa in ɗauke ka in rage maka tumbi, yau ne ba ka san ni ba?"

Mai Kemis ya yi dariya, sannan dariyar ta yanke. "Ya jikin Malama?"

"Da sauƙi," ya ce, don abin da ake cewa ke nan. Wayar wuta ta zuro ta taga a hankali.

Kwamfuta ta tashi da nishinta na tsufa. Firinta ce ta ƙi. Mako bakwai ba ta yi aiki ba, tawada ta bushe a bakinta. Takardar hoto huɗu suka rage masa a kwali. Ya gwada ta farko, sai ga jaririya ta fito koriya shar, kamar tana kwance a ƙarƙashin ruwa. Ya gwada ta biyu, ta fito da layi-layi. Ya ce wa firintar, "Haba ke kuwa, yau ɗin?" Ya sa ta wanke kanta, aikin da ke cin kusan rabin awa, ya dawo ya zauna gaban hoton.

Mijin Auta ne ya ɗauka da waya ya turo, shi ma Mai Hoto bai ga jikar da idonsa ba, don shingayen hanya ba sa barin a tsallaka gari. Kai, hoton waya! Haske ta baya, zanin gado ya yi duhu, gefen kofi ya shigo ta kusurwa. Yaran zamani kowa gani yake ya iya. Amma yarinyar, tubarkalla. Idonta a rufe, hannu ɗaya a dunƙule kusa da kunne, leɓenta na sama ya ɗan ɗago kamar za ta faɗi wani abu ta fasa.

Hannunsa ya kama aiki da kansa. Ai ba ya bukatar tunani, shekara talatin yana gyara fuskoki. Kowa ya zo shagon nan yana fita ya fi yadda ya shigo kyau, kuraje su tafi, tabo ya ɓace, tsufa ya ja baya da shekara biyar. Abin da ya sa mutane ke tsallake shaguna uku su zo wurinsa ke nan. Ya yanke kofin, ya ƙara haske, ya gyara launin zani. Firinta na ta ƙugi a gefe, janareta na amsa mata ta bayan bango, zafi ya cika ɗakin, ga kwana uku bai yi barcin kirki ba. Sai ya ga kamar labulen na motsi. Tsuntsayen uku sun ɗan matsa. Ga Malama can zaune a kwale-kwale da jan alƙalaminta tana duba littattafan yara, ruwa na lasar gefen zaninta ba ta damu ba. Ya kira ta, ta ɗago ta ce, "Ka jira in gama wannan." Kullum haka take cewa. Ya tsaya a bakin ruwa yana jira, ƙafarsa cikin yashi mai ɗumi, kuma ransa ya yi fari ƙal, rabon da ya ji haka tun kafin a rufe gari.

Duk wannan hannunsa bai tsaya ba. A ƙarƙashin idon jaririyar akwai wani ɗan baƙin ɗigo. Ƙura ce a gilashin waya, irin wadda yake gogewa sau goma a rana. Ya taɓa sau ɗaya, ta tafi.

Firinta ta yi shiru, shirun ne ya dawo da shi. Takarda ta uku ta fito da ɗan ja-ja. Ta huɗu ta fito tas, har sai da ya ce alhamdulillahi da ƙarfi. Ya liƙe ta cikin roba, ya sa a aljihun gaba tun tana da ɗumi, ya tura wa Mai Kemis wayar wutarsa, ya hau keke.

Garin kamar an ɗauke shi an ajiye a wani wuri. Titin da a da sai ka yi faɗa da masu bas kafin ka tsallaka, yau kaza ce ke tafiya a tsakiyarsa ba ta ko sauri. Shagon tela a rufe, rigar da ke jikin gunkin tagarsa rana ta cinye mata kafaɗa ɗaya. Mai aski ya bar kujerarsa a waje, ciyawa ta fara fitowa a ƙarƙashinta. Fitilar kan hanya na ta canza launi, ja, kore, ja, ba wanda take tsayarwa. Ya ji ƙarar sarƙar kekensa tana dawo masa daga bangaye.

Sha biyu saura kwata ya isa ƙofar cibiyar. Mai gadi cikin farar riga har ƙasa ya miƙo masa bokiti a kan doguwar sanda. Ya rubuta "gado na shida" a takarda ya haɗa da hoton ya saka. Bokitin ya koma ciki. Shi ke nan, ko fuskar mai gadin bai gani ba.

Yana kan hanyar komawa, daidai wata rumfar jiran bas, waya ta yi ƙara. Auta ce. Ya sauka ya zauna a bencin.

"Baba, ka kai?"

"Na kai. Ki gaya wa mijinki ya riƙa goge gilashin wayarsa. Sai da na yi aiki a kan hoton nan."

"Ka ga tabon ko?" Muryarta ta cika da murna. "Baba, tun da aka miƙo min ita shi na fara gani, na fashe da kuka. Irin na Mama sak, wuri ɗaya. Shi ya sa na ce ya matso da wayar sosai. Mama na gani za ta san tata ce."

Ya dafa aljihun gaba, inda hoton yake ɗazu.

"Baba? Kana ji na?"

"Ina ji. Bari in kira ki."

Jiniyar sha biyu ta tashi daga nesa. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba a kan aikinsa. Abu ɗaya tak da ke cikin hoton nan wanda zai yi wa Malama magana, shi ya goge da hannunsa. Takarda ta ƙare, ƙofa ta rufe, Talata kuwa nas ta riga ta faɗa.

Ya kira wayar tebur ɗin. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"'Yata, ni ne mijin mai gado na shida. Hoton ya iso?"

"Yana hannuna, Baba, yanzu na goge shi. Kai, yarinya kyakkyawa! Kamar ta kalanda."

"Matsalar ke nan. Kina da alƙalami mai rubutu a kan roba?"

"Akwai wanda muke rubuta suna a jikin ledar ruwa."

Ya yi mata bayani yana haɗa kalmomi da ƙyar. Ɗigo ɗaya kawai, ƙarami, a ƙarƙashin ido. Ya ji tana numfashi cikin takunkumi.

"To, wane idon? Hagu ko dama?"

Hoton asali na cikin kwamfuta a shago, mijin Auta can ya tura shi, ba wayarsa ba. Amma ai ba sai ya duba ba, matarsa ce. Ya rufe ido ya nemo fuskarta. Ga goshinta, ga girarta, ga yadda take kallonsa ta saman tabarau. Ɗigon sai ya tsaya a hagu, ya koma dama, ya ɓace. Da sauri ya zaro walat ya fito da ɗan hotonta da yake yawo da shi. Fuska sumul, ba komai. Shi ya ɗauka, shi ya gyara. Na ɗakin zama ma haka, na katin aikinta haka, duk wanda ya taɓa yi mata. Ko sau ɗaya ba ta ce masa don me ba.

"Baba?"

"Ban sani ba," ya ce, hawaye suka zubo cikin takunkuminsa. "Wallahi 'yata ban sani ba. Ki je ki dubi fuskarta, wurin da nata yake nan ne."

"Riƙe wayar, kada ka kashe."

Ya ji an ajiye kan wayar a tebur, takalman roba suka yi nisa. Wani ɗan sanda ya taho a kan babur yana kora mutanen da babu su, ya tsaya gaban rumfar.

"Dattijo, ba ka ji jiniya ba?"

"Asibiti nake jira," ya ce, ya nuna wayar. Ɗan sandan ya dubi fuskarsa, ya dubi titi, ya ce minti biyar, ya wuce.

Mintin biyar suka wuce, wasu suka bi su. Can cikin wayar wani abu na ƙara ɗiɗ, ɗiɗ, a hankali. Inuwar rumfar ta janye daga ƙafarsa. Sai takalman suka dawo.

"Baba, kana nan? Ban ɗiga ba."

Ya ƙara matse wayar a kunne.

"Na tsaya ina duba fuskarta da alƙalami a hannu, ta buɗe ido ta ce me nake nema. Dole na gaya mata gaskiya. Ta ce in ɗaga ta zaune. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta karɓi alƙalamin ta ɗiga da kanta, ɗigon ya ɗan fi girma." Nas ɗin ta yi 'yar dariya. "Ta ba ni saƙo. Ta ce in gaya maka dama ne. Kuma ta ce in ta fito za ka ɗauke su su biyu, ita da yarinyar, kuma in ka taɓa wani abu a hoton nan sai ranka ya ɓaci."

"In ta fito ta ce?"

"Haka ta ce. Baba, ana kirana."

Wayar ta katse. Ya ci gaba da riƙe ta a kunne na ɗan lokaci. Sannan ya ɗaga yatsa ya taɓa ƙarƙashin idonsa na dama, ya bar shi a wurin, har ya ji babur ɗin ɗan sandan na dawowa.