Jummai Na Neman Majami'a

Ƙarshen damina Jummai ta sauka Katsina, ita da surukarta Inna Rifkatu, kayansu a ƙulle cikin buhunan taki. Daga wani ƙauye a ƙasar Kafur suka taso, bayan 'yan bindiga sun sake shiga musu. Mijinta Iliya ne ya riga su zuwa, ya kama musu ɗaki guda a wata sabuwar unguwa ta hanyar Batagarawa, inda gidaje ke tsirowa a tsakiyar gonaki, wasu an rufa su, wasu bulo ne tsirara. Da aikin gini ya tsaya masa a nan, sai ya bi wani ɗan kwangila Abuja, ya bar mata uwarsa.

Ta samu aiki wurin wata mai abinci a bakin titi. Wanke-wanke ne da jajjage da ɗibar ruwa, tun hantsi har rana ta faɗi. Yatsunta suka yi fari saboda omo, ƙugunta kuma ya riƙe, in ta duƙa sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Lahadi kaɗai ake ɗaga mata.

Inna Rifkatu kuwa ƙafafunta sun kumbura, idonta ya yi hazo, ko banɗaki sai an riƙa ta. Amma duk Lahadi da sassafe sai ta sa an yi mata wanka, ta ɗaura zanenta na zumuntar matan majami'a, ta zauna bakin katifa.

"Jummai, har yanzu ba ki samo mana majami'ar ba?"

"Ina nema, Inna."

"Gari kamar wannan a ce babu gidan Ubangiji? Ke dai ba ki duba da kyau ba."

A ƙauye ba a neman majami'a. Tana nan bakin hanya, ga ƙarfen ƙafar mota rataye a darbejiya, ana kaɗa shi kowa ya fito. Nan kuwa ko sunan layin da take zaune Jummai ba ta sani ba.

Farko cikin gari ta nufa, don ta ji an ce akwai manyan majami'u wajen Ƙofar Ƙaura. Keke Napep biyu ta hau kafin ta isa. A bakin ƙofa wani saurayi ya laluba jakarta da na'ura, ya dubi mayafinta, ya tambaye ta da Turanci wa take nema. Ta shiga ta zauna can baya. Gini ne babba, fanka na juyawa, kiɗa na dukan ƙirji, amma daga farko har ƙarshe da Turanci aka yi sujadar, in ban da amin ba abin da ta tsinta. Ba wanda ya yi mata wulaƙanci. Wata mata ma da ta ji ta gaishe ta da Hausa ta riƙe mata hannu, ta ce ai akwai masu sujada da Hausa a can unguwar da Jummai ke zaune, bayan inda ake buga bulo.

Sai bayan azahar ta dawo gida. Ta tarar da Inna Rifkatu zube a bakin ƙofar ɗaki, ta yi ƙoƙarin zagawa ita kaɗai ƙafa ta ƙi. Hauwa'u, matar mai gidan, ita ce ta ji nishinta ta fito ta jingina ta da bango, tana yi mata fifita. Daga ranar Jummai ta san cikin gari ya fi ƙarfinta. In ba kusa ba, inda za ta je ta dawo kafin tsohuwa ta buƙace ta, to babu.

Da wata Lahadin ta zagayo ta tafi neman masu buga bulo. Abin da matar ba ta gaya mata ba shi ne a unguwar kusan kowane lungu akwai masu buga bulo. Ta bi wannan, ta bi wancan, ta ratsa gonar dawa, taɓon ƙarshen damina ya cinye mata silifa ɗaya har sai da ta sa hannu ta zaro shi. Daga ƙarshe ta samu wani shago mai ƙofar ƙarfe, a jikin bangonsa ana iya ganin inda aka shafe rubutu da farar ƙasa. Siminti ne jibge a ciki.

Mai shagon ya ce, "Masu waƙar nan? Ai tun bara suka tashi. Mai wurin ya buƙaci abinsa. Na ji an ce makarantar yara suka koma, mai koren geti."

Makarantar ma sai da ta ci mata wata Lahadin. Getin a kulle yake. Ta buga har hannunta ya yi zafi kafin maigadi ya leƙo da buta a hannu. Ya ce e, sun taɓa kama aji ɗaya, amma iyayen yara sun yi magana, mai makaranta ya ba su haƙuri. Inda suka nufa, Allah ne masani.

Ta tsaya nan bakin getin, rana ta fara dukan ka. Ko haushi ba ta ji ba. Tunanin da ya zo mata kawai shi ne ga wanki can na jiranta, gobe kuma Litinin.

Maƙwabta dai ba ta tambaye su ba. Ba tsoro ne ya hana ta ba, don ba wanda ya taɓa yi mata kallon banza a gidan. Gajiya ce da bayani. Duk wanda ya ji Hausarta ya ga shigarta, in ta ce majami'a take nema sai ya ce, "Au, ashe ke ba Bahausa ba ce?" Sai ta fara daga kakanni, ta ce Hausawa ne su gaba da baya, haka suka tashi suka tarar. Ta sha yin wannan bayanin a asibiti da kasuwa da cikin mota, har bakinta ya gaji da shi.

Ranar da ta dawo daga makarantar, ta zauna bakin rijiya tana wanke ƙafa, Hauwa'u na gefe tana tsince shinkafa.

"Maman Iliya ta ce mani kullum Lahadi yawon neman coci kike. Gaskiya ne?"

Jummai ta ce, "Gaskiya ne, Yaya."

"To mi ya hana ki tambaya? Muna gida ɗaya da ke, kina ta tahiya cikin rana kamar marar kowa." Ta zubar da tsakuwar da ta tara a tafin hannu. "Ƙanen maigidan nan, Sada, mai keke, duk Lahadi akwai wasu tsofaffi da yake ɗauka ya kai su. Bari ya zo cin tuwo in yi mashi magana."

Jummai ta yi mata godiya. Ta ci gaba da cuɗa dugaduganta.

Malam Sada bai cika magana ba. Ya zo ranar Lahadi da safe, ya gaida Inna Rifkatu daga bakin ƙofa, Jummai ta shiga bayan keken kusa da wasu tsofaffi biyu, miji da mata. Ba su hau titi ba sam. Ta bayan unguwa suka bi, suka wuce ramin da ake haƙar ƙasa, suka wuce wani gidan kaji, har gidaje suka fara ƙarewa. Sau biyu ta taɓa bin hanyar nan a ƙafa, ba abin da ta gani, don babu abin gani. Gida ne kamar kowane, ba allo, ba alama, rabinsa ma ba a rufa ba.

Tun kafin ta sauka ta jiyo tulu. Irin bugun da matan zumunta ke yi masa da tafin hannu a baki, yana amsawa can ƙasa-ƙasa, da caki yana bin sa. Rabonta da jin wannan sauti tun ƙauye.

A falon gidan ake sujadar. An ja kujeru jikin bango, an shimfiɗa tabarmi, mutanen ba su fi a ƙirga su da ido ba: masu gadi, wata malamar asibiti, wani kafinta da iyalinsa, sai tsofaffi. Mai gidan, Baba Haruna, tsohon ma'aikacin lafiya ne da ya yi ritaya, shi ke jagora tun da ba su da fasto. Aka matsa mata, ta zauna jikin bango kusa da wata dattijuwa. Aka yi waƙar da ta sani, ta bi da murya a dishe. Aka yi addu'a da Hausa, ta ji kowace kalma. Baba Haruna ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya fara wa'azi a hankali, kamar mai yi wa marar lafiya bayanin magani.

Ba ta san sa'ad da barci ya ɗauke ta ba. Da ta farka har an yi addu'ar rufewa, ana naɗe tabarmi, kanta na kafaɗar dattijuwar nan. Ta zabura cike da kunya.

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Haƙurin me? Ɗiyar kafinta ta so ta tashe ki, na ce ta bar ki. Sunana Asabe. Daga ina?"

Jummai ta gaya mata, ba a nemi wani ƙarin bayani ba. Mama Asabe ma daga wajen Malumfashi take, har ta san mutanen ƙauyensu. Ita ta kai ta gaban Baba Haruna, Jummai ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi halin da surukarta ke ciki.

Ya ce, "Za mu zo mu duba ta ranar Laraba da yamma. Amma gara in gaya miki tun yanzu, 'yata, kada ki ji daga baya. Bayan Kirsimeti zan koma Jos wurin ɗana, jikin ya ƙi. Gidan nan sayar da shi za a yi. Muna dai neman wani wurin."

Ta ce, "To, Baba."

Ranar Laraba ta roƙi uwar ɗakinta ta sallame ta da la'asar, aka sallame ta da ƙyar, da baƙar magana a kai. Su huɗu suka zo. Hauwa'u ta ba da aron tabarma da kujerar roba. Ɗakin ya yi musu kaɗan, kafinta ma a bakin ƙofa ya tsuguna. Suka yi waƙa ƙasa-ƙasa, ba tulu, Inna Rifkatu na bi tana gyara musu inda ta ce sun ja da yawa. Da aka shafa addu'a, sai ta lalubo hannun Baba Haruna ta riƙe.

"Malam, tambaya gare ni. A garin nan, ina kuke kai mutanenku in sun rasu?"

Baba Haruna bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce akwai maƙabartar Kirista a bayan gari, ana kai kowa, ba a tambayar daga ina ya zo.

"Wa ke haƙa?"

"Matasanmu, da na sauran majami'u."

"Mata na wanka? Da waƙa?"

Mama Asabe ta ce, "Ni ke yi, Yaya, ni da malamar asibiti."

Tsohuwar ta saki hannunsa. Ta ce, "To, madalla." Ta ce a gyara mata matashi, bayanta ya gaji. Jummai ta duƙa tana gyarawa. Ita duk tsawon lokacin nan ta ɗauka waƙa da wa'azi tsohuwa ke kewa.

Malam Sada ya kai Inna Rifkatu gidan Baba Haruna wasu Lahadin, shi da kafinta suke ɗaga ta su shigar. Da sanyi ya shigo ba ta sake iya fita ba. Ta rasu ana saura kaɗan Kirsimeti, da rana tsaka, Hauwa'u ce a kanta don Jummai na wurin aiki. Iliya ya kwana a hanya ya iso aka yi jana'iza da shi. Mama Asabe ta yi wanka, matasa suka haƙa, Baba Haruna ya yi addu'a yana dogara sanda. Washegari Iliya ya juya, don an ce in ya daɗe za a ba wani gurbinsa.

Bayan tafiyar Baba Haruna, sujada ta koma rumfar kafinta, can gaba da gidan kaji, inda keke ba ya shiga in an yi ruwa. Ranar Asabar ake share garin katako, a jera bencin da mai shi bai zo ya karɓa ba. Jummai takan je wata Lahadin, wata kuma jiki ya hana ta tashi. In ba a gan ta ba, Mama Asabe takan biyo da rana ta buga mata ƙofa, ta zauna bakin katifa ta ba ta labarin wanda ya zo da wanda bai zo ba.