Awakin Inna Hajo

Roukaya ma'aikaciya ce a wani ƙaramin labo, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, da ke bayan unguwar Titirou a Parakou, inda ake haɗa rigakafin annobar awaki da tumaki. Cikin wata babbar jakar roba mai jan ruwa suke renon ƙwayar cutar da aka karya ƙarfinta, inji yana girgiza ta a hankali. In an kwashe, a ƙone jakar, a ɗaura sabuwa.

Saura kaɗan rigakafin ya nuna, yayanta Iliassou ya bugo mata daga Bariénou, garinsu na wajen Djougou.

"Roukaya, ciwon ya shigo. Awakin maƙwabta sai majina da zawo. Na Inna dai suna tsaye tukuna."

Awakin nan su ne abin da ya rage wa mahaifiyarsu, Inna Hajo, tun da mijinta ya rasu. Inna ta san halin kowacce.

"Yaya, ku tsare su a gida," in ji Roukaya. "Mun kusa."

Washegari da ta shiga labo, tun daga ƙofa ta hango jakar. Jan ruwan ya koma rawaya, ya gurɓace kamar ruwan tsarin koko. Ƙazanta ta shiga ta wata 'yar ɓula a bakin tiyo. Da hannunta ta kashe injin.

Da ta gaya wa Iliassou, sai ya ce, "To cika kwalba ki aiko da shi a haka. Ai ya fi babu."

"Wallahi Yaya, wannan guba ne yanzu. Shi zai kashe su."

"Ke dai ki ce tsoron patron, shugaban nan naku, kike ji," ya ce, ya kashe waya.

A labo suka ɗaura sabuwar jaka. Ƙwayar ba ta san gaggawa ba. Ga kuma gwaji bayan an kwashe. Roukaya ta yi ta kira, Iliassou bai ɗauka ba.

Ranar da aka saki rigakafin, ta bi motar ma'aikatan dabbobi har Djougou, ta hau babur zuwa Bariénou rungume da kular ƙanƙara mai rigakafin. Wari ne ya fara tarbar ta a bakin gari. A gida ta iske Inna zaune kan turmi, garken ya zama igiyoyi a ƙasa. Tsohuwar akuya ɗaya ta rage, kwance, baki duk miki.

"Wannan fa?" Inna ta tambaya.

"Inna, ba ya wa wadda ta riga ta kamu aiki."

Inna ta gyaɗa kai. "To je ki gidan maƙwabciyarmu Hannatu. Nata ba su kamu ba."

Iliassou ne ya riƙe mata awakin Hannatu tana yi musu allura. Har suka gama bai dube ta ba. Kafin su dawo, tsohuwar akuyar ta mutu, Inna tana neman wanda zai ja ta zuwa rami.